Rassan ɓaure a ajiya: yadda aka ceci irin wata tsohuwar bishiya

Bishiyar tsohuwa ce, ɓaure irin na lambu wanda masana tsirrai ke kira Ficus carica, kuma babu wanda ya san sunan irinta. Wanda ya dasa ta ya daɗe da rasuwa. Abin da aka sani kawai shi ne 'ya'yanta suna nuna da wuri, ba sa yawan tsagewa idan an yi ruwa, kuma tana bayarwa kowace shekara ba fashi. Sai aka sayar da filin da take ciki, wanda ya saya ya ce gini zai yi, ya ba da wa'adin 'yan makonni kafin a sare duk abin da ke tsaye a wurin. Wannan kuwa ya faɗo ne a farkon hunturu, a yankin da ɓaure ke kaɗe ganyensa kakaf ya kwanta barci har sai ɗumi ya dawo.

Mutumin da ke kula da lambun yana da wani fili da zai iya komawa, amma ba shi da ɗaki mai ɗumi ko rumfar gilashi da zai reni dashe a tsakiyar sanyi. Tsakanin ranar da za a sare bishiyar da lokacin da zai iya kafa reshe a ƙasa akwai wata uku zuwa huɗu. Matsalarsa ke nan: ya zai riƙe yankakkun rassa da ransu tsawon wannan lokaci?

Tone bishiyar a ɗauke ta ba abin da zai yiwu ba ne, don saiwar tsohon ɓaure tana bazuwa nesa ƙwarai. Shuka ƙwaya ma ba mafita ba ce. Yawancin ɓauren da ake nomawa a lambuna yana yin 'ya'ya ba tare da barbara ba, saboda haka 'yan ƙwayoyin da ke ciki fanko ne, ba sa tsira. Inda ma aka sami barbara ta hanyar ɗan ƙwaron nan dangin zanzaro, Blastophaga psenes, abin da ya tsiro daga ƙwaya ba ya ɗauko uwarsa sak, kuma da yawa daga ciki sukan zama bishiyoyin da ba a cin 'ya'yansu. Reshe ne kaɗai ke maimaita bishiya yadda take. Hanyar ta daɗe sosai. A shekarar 2006 masu binciken kayan tarihi sun ba da rahoton ƙonannun 'ya'yan ɓaure marasa ƙwaya mai rai da aka tono a Gilgal, cikin kwarin kogin Urdun, waɗanda suka kai kimanin shekara 11,400, suka kuma fassara hakan da cewa mutanen wurin suna kafa rassa tun a wancan zamani. Wasu masana sun yi jayayya da wannan fassara, amma ba a jayayya a kan cewa kowane iri mai suna da muke da shi yau ta reshe ya iso hannunmu.

Abin da ke faruwa a cikin reshen da aka yanke

Kafin a duba abin da mai lambun ya yi, ya kamata a fahimci abin da ake ƙoƙarin hanawa. Reshen da aka raba da bishiya bai mutu ba. Yana numfashi, yana ƙona sitaci da sukarin da bishiyar ta tara masa a ƙarshen kaka, ruwan jikinsa kuma yana fita a hankali ta bakin yanka da ta ɓawo. Ba shi da saiwar da zai sha ruwa, ba shi da ganyen da zai ƙera abinci. Kamar matafiyi yake da guzurinsa: abin da ya taso da shi, shi zai ci har ya isa, kuma dole ya rage wanda zai yi saiwa da shi a ƙarshe.

Don haka ajiya ba ta ƙara wa reshe komai, saurin asara kawai take ragewa. Sanyi shi ne babban makami, domin numfashin tsirrai yakan ragu da kusan rabi duk lokacin da zafi ya sauka da digiri 10 a ma'aunin Salsiyos. Reshen da ke digiri 3 yana cin ajiyarsa a hankali ƙwarai idan aka kwatanta da wanda ke ɗaki mai digiri 23. Sai dai sanyin yana da iyaka: in ruwan da ke cikin reshen ya daskare, ƙanƙara ta fasa ƙwayoyin halittarsa, an gama. Abin da ake so shi ne tsakanin digiri 1 zuwa 4, ba hawa ba sauka.

Sannan ɓaure yana da wani rauni nasa na daban. Tsakiyar reshensa totuwa ce mai laushi da faɗi, musamman a sabon reshe. Ta nan ruwa ke saurin fita idan wuri ya bushe, ta nan kuma ruɓa ke shiga idan wuri ya jiƙe. Mai ajiye ɓaure tsakanin abu biyu yake, ƙeƙashewa da funfuna, kuma abin da ke maganin ɗaya shi ke kiran ɗayan.

Ranar yanka

A nan mai lambun ya yi abin da, a ganina, ya fi duk sauran matakan tasiri. Bai yi gaggawar yanka ba. Lokacin da aka ba shi wa'adi akwai sauran ganye jefi-jefi a bishiyar, sai ya roƙi a bar ta ta zama ta ƙarshe da za a sare, ya jira har ganyen ya zube duka, sanyi ya kama sosai. Reshen da aka yanke kafin bishiya ta gama shiga barci bai gama tara abinci ba, ɓawonsa bai yi ƙwari ba, kuma in an yanke shi farin ruwan nan mai danƙo yana ta zuba. Wanda aka yanke cikin barci kuwa da ƙyar yake ɗigo.

Ya zaɓi rassan da suka fito a shekarar, waɗanda suka riga suka ƙosa, ɓawonsu ya juya daga kore zuwa toka-toka ko ruwan ƙasa. Kauri daga na fensir zuwa na ɗan yatsa, tsawo santimita 15 zuwa 25, kowanne da gaɓa uku ko fiye, don a gaɓa ido yake, kuma a kusa da ita saiwa ta fi fitowa. Ya fi ɗiba daga gefen da rana ke bugu, inda gaɓoɓin suke kurkusa da juna, ya bar dogayen rassan nan masu tazarar gaɓa da ke fitowa a inuwa, waɗanda totuwa ta fi yawa a cikinsu. Ya goge almakashinsa da sifirit, ya sa safar hannu. Safar ba ƙawa ba ce: ruwan ɓaure yana ɗauke da sinadaran da in sun taɓa fata sannan rana ta buga wurin, sukan sa ƙuna har da bororo.

Gindin kowane yanki ya yanke shi a miƙe, dab da ƙasan gaɓa, saman kuma a karkace, ɗan nesa da ido na ƙarshe. Wannan ƙaramin abu ne da mutane ke rainawa. Bayan wata uku a leda, ba kowa ke iya bambance sama da ƙasa a guntun reshe mara ganye ba, kuma reshen da aka kafa a kife wahala kawai zai sha.

Akwai kuma siraran kawunan rassa, kore shar, da suka rage bayan ya gama. Ransa bai ba shi ya zubar ba, sai ya tattara su ma.

Kashi uku

Da yake bishiyar ba za ta sake ba shi dama ta biyu ba, bai yarda ya dogara da hanya ɗaya ba. Ya raba rassan kashi uku.

Kashi na farko ya yi masa abin da yawancin mutane ke yi: ya jiƙa jarida sharkaf, ya naɗe rassan a dunƙule, ya sa a leda ya ɗaure bakinta, ya tura can cikin firji. Tunaninsa shi ne reshe na bukatar ruwa, to ga ruwa. Siraran kawunan nan ma a wannan ƙunshi ya cusa su.

Kashi na biyu ya fi cin lokaci. Ya wanke rassan da ruwa da ɗan sabulu, yana gogawa da tsohon buroshin haƙori don fitar da ƙura da ƙananan ƙwarin da ke maƙalewa a gefen ido. Ya tsoma su na ɗan lokaci, kamar minti ɗaya, a ruwan bilic da aka sirka, kashi ɗaya bilic kashi tara ruwa, ya ɗauraye, sannan ya shanya su a inuwa a cikin ɗaki har ɓawon ya bushe sarai, babu ko ɗigon laima. Ya narkar da kakin kyandir a gwangwani da ya ɗora cikin tukunyar ruwan zafi, ba kai tsaye a kan wuta ba, don kada kakin ya yi zafin da zai dafa reshen, ya dangwala bakin kowane yanki sama da ƙasa ya cire nan take. Daga nan ya naɗe su bibbiyu ko uku-uku da siririyar ledar nan mai mannewa, ya zuba a leda mai zif, ya matse iskar, ya rubuta kwanan wata a jiki, ya sa a aljihun ƙasa na firji inda ake ajiye ganyayyaki. Bai sa ruwa ko kaɗan ba.

Kashi na uku bai shiga firji ba. Ya ɗaure su dami, ya binne a bokitin yashi mai ɗan danshi, wanda in ka damƙa ba ya ɗiga kuma ba ya zubewa kamar busasshe, ya ajiye a wani ɗakin ajiya da ba a hura wuta, a gefen da rana ba ta kaiwa. Wannan tsohuwar hanya ce da masu renon itatuwa suka yi amfani da ita tun kafin a ƙera firji.

Wani abu da ya yi daidai tun farko shi ne ya kwashe tuffa da sauran 'ya'yan itace masu nuna daga firjin. Irin waɗannan suna fitar da iskar etilin, wadda ke iya lalata idon reshe ko ta tashe shi daga barci kafin lokaci, kuma leda ba ta tare ta gaba ɗaya.

Abin da aka gani a hanya

Ya riƙa dubawa duk bayan mako biyu ko uku, kuma wannan dubawa ce ta ceci kashi na farko daga halaka baki ɗaya. Tun a dubawa ta biyu ledar ta yi gumi daga ciki, jaridar ta fara wari. Da ya warware, sai ga funfuna fara da toka-toka ta lulluɓe siraran kawunan, ta fara kama bakin yankan manyan da ke jingine da su. Mutane da yawa suna ɗauka sanyin firji yana kashe funfuna. Ba ya kashewa. Akwai ire-iren da ke girma lafiya a digiri 2 ko 3, irin su Botrytis, mai launin toka, muddin sun sami ruwa a kwance a kan ɓawo da iskar da ba ta motsi. Jiƙaƙƙiyar takarda a rufaffiyar leda ta ba su duka biyun.

Akwai ɓarna ta biyu a wannan ƙunshi. Da yake ya tura shi can ƙurya, gefe ɗaya ya manne da bangon baya na firjin, inda sanyi ya fi tsanani, jaridar ta daskare a wurin. Rassan da ke wannan gefe, da suka narke, ɓawonsu ya yi laushi ya yi duhu, yana saɓulewa in an murza. Lambar da ke jikin maɓallin firji ba ta gaya maka zafin kowane lungu. Ƙaramin ma'aunin zafi da aka ajiye kusa da rassan shi ke faɗin gaskiya, kuma bayan wannan ne ya sayi ɗaya.

Ya zubar da kawunan da waɗanda suka daskare. Sauran ya datse bakin da ya ruɓe har ya kai ga lafiyayyen itace, ya sake wankewa da ruwan bilic, ya busar, ya yi musu irin naɗin kashi na biyu. Wasu sun tsira, amma sun gajarce, kuma daga baya an ga ba su da kuzarin 'yan uwansu.

Ina so in tsaya a nan kaɗan, domin wannan ne kuskuren da ya fi kashe rassan ɓaure a ajiya, kuma tausayi ne ke jawo shi. Mutum yana ganin reshe ba saiwa, sai ya ji tsoron ƙishirwa, ya ba shi ruwa. Amma reshen da ke barci ba ya shan ruwa ta ɓawo yadda zai amfane shi. Abin da yake bukata shi ne kada ruwan da ke cikinsa ya fita. Aikin ma'aji toshe ƙofar fita ne, ba zuba sabo ba. In har za a sa takarda mai laima, to a matse ta iya ƙarfi har ta zama sanyi kawai ake ji a hannu, kuma gara a ajiye ta a gefen ledar maimakon a naɗe rassan da ita. Reshen da ya ɗan yi yaushi ana iya farfaɗo da shi da jiƙo na 'yan sa'o'i. Wanda ya ruɓe ba ya dawowa.

Kashi na biyu bai ba da labari mai yawa ba, kuma haka ake so. Sau ɗaya ya ga ɗan gumi a cikin wata leda, ya buɗe ya goge ya mayar. Wani ƙunshi guda ya nuna ɗigon funfuna a tabon da ganye ya bari, ya goge da auduga da sifirit, abin bai sake dawowa ba. Amfanin naɗewa bibbiyu ya fito a nan: inda cuta ta ɓulla, a ƙunshinta take tsayawa.

Kashi na uku ya yi kyau fiye da yadda aka zata a watanni biyu na farko. Yashi yana riƙe danshi daidai, iska kuma tana ratsa shi, shi ya sa ba a ga funfuna ba. Gindin wasu ma ya fara yin farin kumburin nan da ke rufe rauni. Matsalar ta zo ne daga sama. Kafin hunturu ya ƙare aka yi wasu kwanaki na ɗumi, ɗakin ya ɗumama, ɓaure kuwa ba ya bukatar dogon sanyi kafin ya farka, ba kamar tuffa ba. Da ya tona sai ya tarar idanu sun kumbura, wasu sun fitar da toho fari fat mai tsawon gaɓar yatsa, babu saiwa ko ɗaya a ƙasa. Wannan toho da abincin da ya kamata a yi saiwa da shi aka gina shi. Reshen da ya farka ba ya komawa barci, don haka ba sauran zancen ajiya. Dole ya kafa su a tukwane nan take, makonni kafin lokacin da ya tsara, ya jera su a bakin taga a cikin gida.

Fitarwa da kafawa

Da ɗumi ya zauna, ya fito da na firji. Gwajin rai mai sauƙi ne: a kankare ɓawo kaɗan da farce. In ƙarƙashinsa kore ne mai laima, reshen na da rai. In ruwan ƙasa ne, ko ya bushe, ko yana wari, a jefar. Ana kuma jin nauyinsa a hannu, don mataccen reshe yakan yi sakayau, ɓawonsa ya tattare.

Ya bar su suka huce daga sanyi a ɗaki, ya datse ɗan bakin gindi mai kaki don ya buɗe sabon itace, ya bar kakin sama yadda yake don ya ci gaba da tare ruwa, ya jiƙa gindin a ruwa na 'yan sa'o'i. Ya kafa su a tukwane masu huji, cikin haɗin da ruwa ke wucewa da sauri, ya binne gaɓa biyu ko uku ya bar ido ɗaya ko biyu a waje. Saiwar ɓaure ta fi fitowa idan gindin yana samun ɗumi tsakanin digiri 21 zuwa 26, kuma yawanci takan ɗauki mako uku zuwa shida. A wannan mataki ma ruwa ne ke kisa. Ganye yakan fito kafin saiwa, mai shi ya yi murna ya ƙara ban ruwa, gindin ya ruɓe a ƙasa alhali sama tana kore.

Sakamakon ya bi yadda ajiyar ta kasance. Mafi yawan na kashi na biyu sun kama, kuma sun kama da ƙarfi. Na yashi sun rabu: waɗanda idonsu ya kumbura kawai sun yi kyau, har sun riga kowa saiwa, amma da yawa daga masu dogon farin toho sun yi ganye biyu ko uku sannan suka ƙone. Na kashi na farko kaɗan ne suka kai labari. A cikin kowane kashi kuma, masu kauri sun fi sirara jurewa, abin da ke nuna cewa rabin aikin tun a jikin bishiya aka gama shi.

Ba zan ce wannan ya tabbatar da firji ya fi yashi a ko'ina ba. Lamari ɗaya ne, bishiya ɗaya, hunturu ɗaya. Inda sanyi ke zama daram har ƙarshe, yashi na iya yin daidai da firji ko ya fi shi, kuma ba ya dogara da wutar lantarki. Inda wuta ke yawan ɗaukewa, firjin da ke sanyi yau ya ɗumama gobe yana tara gumi a leda, yana kuma rikita barcin reshen, don haka ba shi da wannan fifiko. A wurare masu zafi kuwa, inda ɓaure ba ya shiga cikakken barci, dogon ajiya ba shi da ma'ana sosai: reshen da aka yanke yana cikin aiki kwanaki kaɗan yake jurewa, gara a cire masa ganye, a naɗe shi, a kafa cikin mako guda. In akwai lokaci kafin a sare bishiya, akwai ma hanyar da ta fi duka tabbas, wato a kankare zoben ɓawo a reshe yana jikin uwarsa, a ɗaure wurin da ƙasa mai danshi a leda har ya yi saiwa, sannan a yanke. Mai lambun bai sami wannan dama ba saboda a lokacin girma ake yin ta, ba cikin sanyi ba.

Wata uku zuwa huɗu da ya riƙe rassan yana cikin abin da reshe mai kyau ke iya ɗauka. Akwai masu kai nasu fiye da haka, amma kowane wata da ya ƙaru yana rage yawan waɗanda za su kama. Shi ya sa ma'ajiyar irin itatuwa ta gwamnatin Amurka da ke Davis a jihar Kalifoniya take riƙe ire-iren ɓaurenta a matsayin bishiyoyi masu rai a gona, ana yankar sabbin rassa daga jikinsu idan an bukata.

Abu ɗaya ya rage wanda ajiya ba ta iya gyarawa. Da sababbin dashen suka yi ganye, an ga wasu da dabbare-dabbaren rawaya, alamar cutar bairos ɗin nan da ta zama ruwan dare a ɓaure, wadda wani ƙwaro ɗan mitsitsi da ido ba ya gani ke yaɗawa, kuma take bin reshe daga uwa zuwa ɗa. Bilic yana wanke bayan ɓawo ne kawai, ba ya kaiwa ga abin da ke cikin jiki. Tsohuwar bishiyar tana ɗauke da cutar tun da can, ƙarfinta ne ya sa ba a lura ba. Cutar ba ta cika kashe ɓaure ba, kuma dashen da ke samun taki da ruwa daidai yakan yi girma ya ba da 'ya'ya duk da ita. Mai lambun ya ware waɗanda alamar ta fi tsanani a jikinsu, ya zaɓi masu ƙarfi ya dasa a sabon filin, kuma duk wanda ya ba wa dashe daga cikinsu yakan gaya masa abin da ke jikinsa kafin ya kai shi kusa da nasa itatuwan.